Kalmar "Lacca": Ma'anarta, Asalinta da Yadda A Ke Aiki da Ita

Babu wanda ke zuwa ajin manya a Wanke da bai taɓa jin kalmar nan "lacca" ba. In malamin gona ya zo daga Gusau, sai a yi shela a ce gobe da hantsi akwai lacca a ƙofar fada. In zaɓe ya matso, motoci su shigo gari da lasifika, a ce 'yan siyasa za su yi lacca da la'asar. Yaro ya daɗe wajen yawo, uwarsa ta tsare shi da faɗa, in ya fito sai ya ce wa abokinsa yau ya sha lacca. Kalmar ta zauna daram a bakinmu, har wasu na tsammani tun asali ta Hausa ce. Alhali kuwa baƙuwa ce. Daga Turanci muka aro ta, su ma mutanen Ingila aro suka yi. Yau za mu bi sawunta har gidansu, domin a cikin labarinta akwai abin da ya shafi kowane ɗan aji.

1. Abin da ta ke nufi a Turanci

Da haruffa 7 a ke rubuta ta a Turanci, watau l-e-c-t-u-r-e. Amma in Bature ya faɗe ta, abin da kunnenka zai ji kusan "lekca" ne. Kada wannan ya ba ku mamaki. Turanci ba kamar Hausar boko ba ne. Sau da yawa rubutun kalma dabam, faɗarta dabam.

A wurinsu kalmar suna ce, kuma aikatau ce, watau kalma mai nuna aiki, irin su "tafi" da "shuka" da "karanta". In an yi aiki da ita a matsayin aikatau, ma'anarta biyu ce. Ta farko, mutum ya tsaya gaban jama'a, ya ɗaga murya, ya yi musu dogon bayani kan abin da ya sani, domin su ƙaru. Shi ke magana, su suna saurare, sai ya gama a yi masa tambayoyi. Ta biyu, a tsare mutum a yi masa dogon faɗa, irin wanda uba ke yi wa ɗa, ko maigida ga yaronsa. In kuwa suna ce, tana nufin shi jawabin kansa. Mai yin wannan aiki a manyan makarantu shi ne mu ke ce wa lakcara.

2. Inda ta samo asali

Tushenta yana cikin harshen Latin, watau harshen mutanen birnin Rum na dā, a ƙasar Italiya. A harshen nan akwai kalma legere. Ma'anarta ta fari ita ce a tsinta, ko a tara abu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mata ke roron wake. Daga nan ta ɗauki ma'anar karantawa. Duk wanda ya fara aji bana ya san dalili. Ai mai koyon karatu tsintar haruffa ya ke yi, ya ɗauko baƙi, ya ɗauko wasali, ya haɗa su: b da a, ba, k da i, ki, baki. Daga legere aka sami lectura, watau karatu. Ita ce ta shiga Turanci cikin ƙarni na 14, kuma a sa'an nan ba ta nufin kome sai karatu.

To, ƙaƙa karatu ya koma jawabi? Ga yadda abin ya faru. Cikin ƙarni na 12 da na 13 manyan makarantu suka kafu a ƙasashen Turai, irin ta Bolonya a Italiya, da ta Faris a Faransa, da ta Oksfod a Ingila. A zamanin nan babu injin buga littafi. Da hannu a ke kwafe kowane littafi, a kan fatar tumaki ko ta maraƙi, har babban littafi guda ya kan ci fatun garke sukutum. Saboda tsada, a wasu wurare da sarƙa a ke ɗaure littafi jikin kanta don kada a sace. Ɗalibi talaka ba ya iya mallakar nasa. Saboda haka malami ya kan hau kujera mai tudu, ya buɗe littafin, ya karanta da ƙarfi, ya tsaya ya yi sharhi, ɗalibai na zaune suna ji suna rubutawa. Wannan zama shi ne laccar farko: mai littafi ya karanta wa marasa littafi.

Wajen shekarar 1450 wani mutumin Jamus mai suna Gutenbag ya ƙago hanyar buga littafi da haruffan ƙarfe. Sannu a hankali littattafai suka yawaita, suka yi araha, ɗalibai suka sami nasu. Malami bai daina hawa kujera ba, amma karantawa ta ragu, bayani ya ƙaru. Cikin ƙarni na 16 kalmar ta ɗauki ma'anar jawabin koyarwa, kafin ƙarnin ya ƙare kuma Turawan Ingila suka mai da ita aikatau. Ma'anar faɗa kuwa daga baya ta biyo, don an ga mai faɗa ma ya kan yi ta zuba shi kaɗai, ba ya bari a tanka.

Har wa yau tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. A Faransanci da waɗannan haruffa 7 ɗin a ke rubuta kalmar, amma can karatu ta ke nufi, ba jawabi ba. In kuna da dangi a Maraɗi ko Damagaram, ku tambayi yaransu 'yan makarantar boko, za su gaya muku sunan darasin karatu ke nan a wurinsu. Haka kuma kalmar "lesin" da a ke biya a yi wa yara da yamma, daga wannan tushe na Latin ta fito. Ita da lacca 'yan gida ɗaya ne.

3. Mu ma muna da irin wannan tun tuni

Kada wani ya zaci Turawa ne suka koya mana karanta wa jama'a littafi. Kalmar "karatu" kanta daga Larabci muka same ta, tushenta ɗaya da sunan Alƙur'ani mai girma, kuma a Larabci ta haɗa har da karantawa a bayyane, kowa na ji. Ku dubi makarantar allo. Ba a yin karatun allo da baki rufe. Ku dubi karatun zaure: ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara, saura na zaune suna kasa kunne. Ku dubi tafsirin watan azumi, alaramma na jan baƙi, malam na bayani. Wannan tsari kusan shi ne na waɗancan makarantu na Turai, littafi a buɗe, murya a sama, bayani na biye.

Ƙasarmu ta Zamfara ba baƙuwar wannan ba ce. 'Yandoto, nan kusa da Tsafe, tsohon garin malamai ne da ɗalibai ke zuwa daga nesa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa 1754 ya rasu 1817, ya yi wajen shekara 5 a ƙasar Zamfara yana wa'azi, tun kafin jihadin 1804. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, yana cikin mabiyansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayyana halin Shehu a wurin wa'azi cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Ya kan fito da sakin fuska, ya gai da taro da muryar da kowa zai ji, ba ya gajiya da bayani, in an yi masa tambaya kuma ya tsaya ya amsa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu 1864, ta naɗa jajisai, watau dattijan mata masu jagorantar 'yan taru. Su kan zo wurinta su koyi waƙoƙin ilmi, su koma ƙauyukansu su rera wa matan da ba su sami zuwa ba. Ashe aikin mun daɗe da shi, sunan "lacca" ne kaɗai sabo.

4. Yadda ta shigo Hausa

Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903. Bayan haka aka buɗe makarantun boko, har da Kwalejin Katsina a 1922, inda aka horar da malamai da yawa na Arewa. Ta bakin 'yan makaranta da ma'aikatan En'e kalmomin Turanci suka riƙa shigowa Hausa. Jirgin ƙasa da ya iso Gusau ya kawo nasa, cinikin gyaɗa da auduga ma suka kawo nasu.

Amma abin da ya kai "lacca" lungu-lungu siyasa ce. Ran 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya. Cikin 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zama jam'iyyar siyasa. Kowace ta riƙa aika mutanenta gari-gari, su hau tebur ko bayan mota su yi wa jama'a magana, aka sa wa wannan taro suna lacca. A wancan zamani sai da iznin En'e a ke yin ta, wanda ya yi ba izni kuwa ya kan gamu da alƙali. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a kan harkar nan ta tara mutane a yi musu maganar siyasa. Kafin zaɓen 1959, da samun mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960, kalmar ta riga ta zama 'yar gari. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, ma'anar koyarwa ta daɗa ƙarfi. Tun 2013 akwai jami'ar tarayya a nan Gusau, inda 'ya'yanmu ke shiga lacca suna kiran malamansu lakcarori.

Ku lura da abu biyu da Bahaushe ya yi wa kalmar da ta shigo hannunsa.

Na farko, ya gyara mata faɗa. Harshen Bahaushe ba ya son k ta tsaya ƙiƙam gaban wani baƙi, sai ya mai da ita irin na gabanta. Shi ya sa ba mu cewa "dakdaka", sai "daddaka". Haka g ta ke yi cikin "bubbuga". Ta wannan hanya "lekca" ta zama "lacca". Akwai masu rubuta "lakca", musamman waɗanda suka yi boko mai zurfi, duk abu ɗaya ne. Sa'an nan ya ba ta jinsi da jam'i irin namu: lacca mace ce, mu kan ce "laccar jiya ta yi daɗi", in da yawa kuma mu ce "laccoci".

Na biyu, ya karɓe ta a matsayin suna kaɗai. Bature ya kan yi aikatau da ita kai tsaye, mu kuwa sai mun jingina ta da wata kalma. Mu kan ce "ya yi lacca", "ta ba da lacca", "sun halarci lacca", "na sha lacca". Haka mu ke yi wa yawancin kalmomin aro: a yi fenti, a yi caji, a yi rajista. Kaɗan ne suka zama aikatau sosai, irin "canja", da mu ke cewa "ya canja riga".

5. Lacca da 'yan'uwanta

Hausa ba ta rasa kalmomin magana a bainar jama'a ba, kowace kuma da muhallinta. Mai ilmi ba ya cuɗa su.

Jawabi shi ne maganar shugaba ko babban baƙo a wurin taro.
Huɗuba ta liman ce, ran Juma'a ko ran idi.
Wa'azi jan kunne ne da tunatarwa kan addini.
Shela, ko yekuwa, saƙon sarki ne ko na hukuma, a faɗe shi a taƙaice a kasuwa ko kan titi don kowa ya ji.
Tilawa maimaita abin da aka haddace ne.
Kirari yabo ne da zuga.
Lacca kuwa bayani ne mai tsawo kan fanni guda, daga bakin wanda ya san fannin.

Ba a cewa liman ya yi lacca kan mumbari ran Juma'a. Ba a kuma cewa sanƙira ya yi lacca wajen ɗaurin aure. Amma in malamin asibiti ya tara mata ran awo ya yi musu bayanin rigakafi, lacca ya yi.

6. Lacca mai tushe da maras tushe

Yanzu mu komo kan asali. Mun ga cewa laccar farko ba ta rabuwa da littafi. Malami ba ya faɗin abin da ya ga dama, don rubutu na gabansa, wanda ya yi shakka kuma yana iya zuwa ya duba. Da kalmar ta yi nisa da gida sai ta rabu da littafin, har ya zama duk mai ƙarfin murya da lasifika ya kan ce lacca ya ke yi. To, mu riƙe asalin ya zama ma'auninmu. In ka ji lacca, tambayi kanka: maganar nan a kan me ta tsaya? Akwai takarda, ko lissafi, ko gwaji da mutum zai iya dubawa?

Ga misali na kusa. Cikin 2010 yara suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har aka rasa fiye da 400. Da likitoci suka auna jinin yaran, suka auna ƙasar gidajen, sai aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gida. Ma'aikatan lafiya da sarakuna suka riƙa tara mutane suna yi musu bayani a fitar da niƙan daga gari. Wannan lacca ce mai tushe, domin awo na bayanta, kuma jin ta ya ceci rayuka.

Akwai kuma ɗaya irin. Mutum ya tsaya da mota ran kasuwa, ya ce kwalba guda tana maganin cuta goma sha biyu. Ko ɗan takara ya lissafa rijiyoyin da ya ce ya haƙa. Ko kuwa a turo maka saƙon murya ta WhatsApp, ba ka san mai maganar ba, ba ka san garinsu ba, yana rantse-rantse. Wanda bai iya karatu ba, ba shi da abin auna waɗannan sai daɗin bakin mai magana. Wanda ya iya kuwa sai ya karɓi kwalbar ya juya ta, ya nemi lambar hukumar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace. Ya ce wa ɗan takara cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a ba mu sunayen garuruwan a rubuce." Hausawa sun ce gani ya kori ji. Karatu shi ne ganin magana.

7. Amanar mai karanta wa jama'a

Da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, an kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, har zuwa 1959. Ta Lardin Sakkwato, wanda Gusau ke cikinsa a sa'an nan, sunanta Zaruma. Kafin su akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam na editanta. Masu karatu a ƙauye ba su da yawa, saboda haka in jarida ta iso, mutum guda ya kan zauna gindin bishiya ya karanta da ƙarfi, jama'a su kewaye shi. Bai sani ba, ashe laccar asali ya ke yi.

Ku ma haka za ta same ku. Ran da aka ji ka fara haɗa baƙi, maƙwabta za su fara sallama. Wannan ya kawo rasit, wancan ya miƙo waya a duba masa saƙon banki, wata ta aiko da katin asibitin ɗanta. A sa'an nan bakinka ya zama idonsu. Wannan amana ce babba.

Mu ɗauki misali. A ce wani dattijo matarsa ta kwanta ciwo, ya nemi naira 200,000 wurin wani mai hali, bisa sharaɗin ya jinginar da fadamarsa har kaka. Aka rubuto takarda. Wanda ya karanta ta gaban shaidu ɗan ɗakin mai kuɗin ne. Da bakinsa ya ce, "na jinginar da gonata", alhali abin da ke rubuce shi ne "na sayar da gonata". Dattijo ya dangwala yatsa. Kaka ta yi, ya sayar da amfaninsa, ya kawo kuɗi, aka ce masa ai gona ta sayu. In an je gaban alƙali takarda za a fara dubawa, kuma ga yatsansa a jiki. Ko da gaskiya za ta fito daga baya, sai an sha wahalar shari'a da ɓacin zumunci.

Yanzu a ce ɗan ƙanensa ɗan aji ne, yana wurin. Kafin a kawo tawada sai ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri in duba." Dattijo ya ce, "Duba mana, ɗana, ai don haka mu ke tura ku." Ya bi layi da yatsa a hankali, ya ɗaga kai ya ce, "Baba, nan ba jingina aka rubuta ba, sayarwa aka rubuta." Kalma ɗaya tak, ta tsare fadamar gida.

Sharuɗɗan amanar nan huɗu ne.

Kada ka ƙara. Abin da babu a takarda, kada ya fito daga bakinka da sunan takarda. In kana da shawara, bari sai ka gama, sa'an nan ka ce, "Wannan kuma tawa ce."

Kada ka rage. Ko labarin ba daɗi, mai takarda na da hakkin ya ji shi duka. In na rasuwa ne ko na asara, ka lallaɓa ka faɗa da tausasawa, amma ka faɗa.

Kada ka yi kame-kame. In kalma ta gagare ka, ka ce, "Inna, nan ban gane ba, bari mu kai wa malam." Wannan ba abin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

Kada ka tona. Abin da ka karanta wa mutum nasa ne, ba na majalisa ba. Yawan kuɗin da ke asusunsa, da cutar da likita ya rubuta masa, su tsaya tsakaninku. Lambar sirri ta katin banki kuwa, ko ya ce ka riƙe masa, ka ce ya riƙe abinsa.

8. Yadda a ke karatu a bayyane

Ka fara karanta takardar a zuci, daga farko har ƙarshe, kafin ka buɗe baki.

Ka zauna ko ka tsaya inda kowa zai ga fuskarka. Ka ɗaga murya daidai yadda na ƙarshen taro zai ji, ban da ihu.

Kada ka yi gaggawa. Wurin waƙafi ka ɗan numfasa, wurin aya ka tsaya. In ka ga alamar tambaya ka karanta da muryar tambaya. "Ya biya." dabam, "Ya biya?" dabam. Na farko shaida ce, na biyu neman labari ne.

Ka kula da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce. "An ba ta kuɗi" albishir ne, "an ɓata kuɗi" kuwa tashin hankali ne.

Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya. "Gari" na iya zama inda mu ke zaune, yana iya zama na tuwo. "Fari" na iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin nan masu cin amfanin gona. Sai ka kai idonka ƙarshen jimla ka ke sanin wanda a ke nufi.

In ka zo kan lamba, ka ƙidaya sifiri da yatsa. Tsakanin 5,000 da 50,000 sifiri ɗaya ne kacal. Umurnin magani kuma ka karanta shi sau biyu. Ƙwaya 1 sau 3 a yini ba daidai ta ke da ƙwaya 3 sau 1 ba. Haka awon maganin feshi da na takin zamani.

In ka gama, ka ce wa mai takarda ya maimaita maka abin da ya ji. Ta haka za ka san saƙo ya isa.

Jama'a, gemu ba ya hana ilmi, goyo ma ba ya hanawa. Mu dage da zuwa aji, maza da mata, har ya zama kowane gida a Wanke, da Tsafe, da Bunguɗu, akwai mai karanta wa mutanensa takarda bisa gaskiya. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.

Tambayoyi

1. Daga wane harshe Turawan Ingila suka aro kalmar lacca, kuma mene ne ma'anarta ta farko?
2. Don me malaman Turai na dā su ke karanta wa ɗalibai littafi da ƙarfi?
3. Mene ne ma'anar kalmar a makarantun boko na Maraɗi?
4. Faɗi bambancin lacca da huɗuba da shela.
5. Kawo sharuɗɗa huɗu na mai karanta wa wani takarda.

Aiki

(a) Rubuta jimla 5, kowace da kalmar "lacca" ko "laccoci" a ciki.
(b) Rubuta waɗannan da kalmomi: 750, 5,000, 50,000, 200,000.
(c) Yau bayan sallar isha'i ka tara mutanen gidanku ka karanta musu kashi na 7 na darasin nan. Ran aji na gaba ka zo mana da tambayoyin da suka yi maka.